Iska a Birkin Papa Tereapii

"Taka. Riƙe haka. Saki."

Vaine ta ɗage ƙafa daga birkin baya na babur. Maƙwabcinta Papa Tereapii na zaune kan bokiti a gindin mangwaro, sifana a hannunsa. Man birki na bin siririn tiyo zuwa kwalba, kumfa na biye. Tun da asibiti suka sallamo shi ya ƙarasa kwanansa a gida, sai yau ya fito.

"Har yanzu kamar dafaffen gwaza nake takawa," in ji ta. "Da sauran iska."

"Na sani." Ya ɗaure notin. "A bar ta. Jibi ɗana Nooroa zai sauka daga Auckland. Bai tambayi jikina ba, babur ya tambaya. Tun yana yaro birkin baya kaɗai ya iya takawa. Ya hau, ya gangara tudun nan, mu gani."

"Papa, jininka ne fa."

"Jinina ne ya ba masu otal hayar filinmu, katafila ta tone kabarin uwarsa?"

Vaine ba ta manta ba. Ita ta tsince ƙasusuwan ƙawarta a yashi, ta naɗe su a bargo. Da Nooroa ya karya wuya, ko ɗigon hawaye ba za ta yi ba. Sai dai a gindin tudun 'yan makaranta ke jiran mota.

Ta zare sifanar daga hannunsa, ta durƙusa. Hannu ɗaya na danna birki, ɗaya na sassauta noti yana ɗaurewa. Tsohon ya zage ta har ya gaji.

"Ƙara mai, ke, kar ya ƙafe," ya ce a ƙarshe, yana haki.

Kumfa ya ƙare. Birki ya yi tauri.

"Kin cuce ni, Vaine."

"Bar ni da shi, Papa. Ba zai hau ba."

Washegari da hantsi ta kawo masa romon kifi, ta tarar ya cika, baƙin mai a faratansa.

A ƙofar gida aka binne shi, kusa da ƙasusuwan matarsa. Nooroa ya zo da baƙin tabarau, ya ci naman alade ya ƙoshi. Kwana biyu yana yawon gaishe-gaishe, sannan ya leƙo wurinta.

"Anti, makullin baburin fa?"

"Yana jiki. Je ka ɗauka."

Ta bi bayansa a hankali. Tun jiya ta sa magina suka zuba simintin kabarin, suka kafa baburin a tsakiya, tayoyinsa sun nutse har rabi. Nooroa ya kama kan ya jijjiga, ya sake jijjigawa, jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Birki yana ci," in ji Vaine. "Ni na gyara."

Bai juyo ba. Wata kaza ta hau simintin, ta zagaya tayar baya, ta kwanta a inuwar tankin.