An Buɗe Filin

"An fa buɗe," in ji maigadi, yana mayar da kwaɗo a ƙofar filin. "Ba a gabanku ciyaman ya yanke ƙyalle ba?"

"To me kake rufewa?" Baba Rafali ya tambaye shi.

"Buɗewa daban, shiga daban. Makullin, ofis za a mayar da shi."

Wallahi da ba don ina riƙe da hannun tsohon ba, da na shaƙe mutumin nan. Baba Rafali maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu. Tela ne, amma kowace yamma a filin nan za ka same shi yana hura wa yaran unguwa usur, har yarana a gabansa suka koyi ƙwallo. Sai ƙaramar hukuma ta ce za ta gyara wurin don yara su riƙa motsa jiki. Aka kewaye da waya, aka dasa ciyawa, aka kafa lilo, aka garƙame. Yara suka koma buga ƙwallo a bakin titi, suna kauce wa motoci.

Duk lokacin da na fara zage-zage, sai ya ce, "Yi haƙuri 'yata, an ce za a buɗe." Shi a saninsa, in an ce an buɗe ƙofa, to shiga ake yi. Shi ya sa ranar buɗewar ya matsa sai na rako shi, da kumburarrun ƙafafunsa. Aka jera yaranmu cikin rigunan aro, suka yi tsalle-tsalle aka ɗauki hoto, aka tuɓe rigunan, aka koro su waje.

Baba Rafali ya tare kansila a bakin mota. "Ranka ya daɗe, yaushe yaran za su shiga?"

"Haba Baba, ai kashe ciyawar za su yi. Manyan baƙi na zuwa dubawa."

Tun da na mayar da shi gida bai sake fita ba. Tagar ɗakinsa titi take kallo. In mota ta ci burki, sai ya yunƙura a kan katifa.

"Wa aka buge?"

"Ba kowa, Malam, kwanta," in ji matarsa.

"Leƙa dai ki gani."

Haka ya yi ta tambaya har muryar ta daina fita. Wata safiya ina shara na ji kukan matarsa ta katanga, na yar da tsintsiyar.

Washegari sai ga ciyaman da kansila da 'yan rakiyarsu sun zo ta'aziyya. Lungunmu ba ya ɗaukar mota. Ina tsaye na ga maigadin nan a guje da makulli, ya wangale ƙofar filin gaba ɗaya, motoci suka yi ta shiga suna hawa kan ciyawar. Ciyaman ya zauna a tabarma yana cewa marigayi uba ne ga harkar wasanni.

Na ɗaga murya daga soro. "Ashe makullin bai ɓata ba! Allah ya isa!"

"Ke, rufa mana asiri," in ji mijina.

Ban rufa ba, na maimaita har sau biyu. Ba wanda ya ɗago kai a cikinsu.

Da suka tafi aka mayar da kwaɗon. Da yamma na fita kiran yarana, na same su sun jingina da waya, ƙwallon a ƙasa, suna kallon sawun taya a kan ciyawar da baƙin man da wata mota ta zubar a ƙarƙashin lilo.