Tukwanen da Baba Ramalan Ya Liƙe

Dalmar ta narke a cikin gwangwanin kifi, tana ƙyalli kamar idon tarwaɗa. Shekara arba'in da ɗoriya Baba Ramalan yana kallon wannan ido a zaurensa na Zangon Kumasi, bai taɓa gundura ba. Daga matattun batiran mota da yake samowa a Magazine, unguwar makanikai, yake ciro ta, ya toshe hujin tukunya da buta da ludayi. A wurinsa kowace tukunya da muryarta. Idan ya ƙwanƙwasa ta da farce, takan gaya masa inda ke yi mata ciwo.

Amma yau hankalinsa ba ya kan aikin. Tun da safe 'yarsa Mamunatu, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, ta goya 'yarta Mubarika zuwa asibiti karɓo sakamakon gwajin jini. Yarinyar shekararta huɗu. Ta daina cin abinci, ta daina 'yan waƙe-waƙenta, kullum ciki na murɗa mata. Jiya sau uku ya kira ta "amaryata", ta bi shi da ido kamar baƙo.

*

Bayan azahar suka shigo. Mamunatu ta tsaya a bakin zaure, ko goyon ba ta sauke ba.

"Baba, wai guba ce a jininta."

"Guba? Wa muka yi wa laifi a garin nan?"

"Ba irin wannan ba. Wai dalma. Madam nas ta ce maganin ba zai yi aiki ba muddin tana ci gaba da shiga cikinta. Ta tambaye ni ko ina sa mata kwalli, ko akwai mai fasa batir kusa da mu, ko a tukunya mai liƙi nake dama mata koko."

"Me kika ce mata?"

"Na ce babu."

Ta faɗa tana kallon bango, tana kallon rufi, ko'ina ban da gwangwanin da ke kan wuta. Ta wuce ciki.

Baba Ramalan ya tsura wa gwangwanin ido. Ya tuna 'yar tukunyar kokon Mubarika. Bara Mamunatu ta jefa ta a kwandon shara, shi ya tsamo ta yana faɗa, wai yaran zamani ba su san darajar kaya ba. Liƙi uku ya yi mata, ya ƙara na huɗu mai siffar jinjirin wata, don kawai jikarsa ta yi dariya. Daga nan sauran suka riƙa zuwar masa ɗaya bayan ɗaya: katuwar tukunyar Lariba mai wake da shinkafa a bakin makaranta, butar shayin masallaci, tukwanen amare har unguwar Akwatia Line. Bai taɓa mayar da kayan kowa ba tare da ya gyara ba, da wannan ake yabonsa.

Ya zuba wa garwashin ruwa, ya miƙe.

*

"Mamuna, fito da tukwanen gidan nan duka."

"Baba, ka bari. In maganar ta fita, da wane ido za ka kalli mutane?"

"Ita Mubarika da wane ido take kallona yanzu? Fito da su."

Suka jera su a tsakar gida. Yana kifa kowace, yana shafa gindinta da yatsa. Mai liƙi ta koma hagu. Wadda ba ta da shi za ta koma dama.

Da suka gama, dama babu komai sai inuwar igiyar shanya.

"Har ta marigayiya Inna?" in ji Mamunatu.

"Ita na fara liƙewa."

A ɗaki Mubarika ta farka, ta yi wani siririn kuka. Rabonta da neman abinci kwana biyu, sai ga shi tana cewa koko.

Mamunatu ta dubi ubanta. Ta durƙusa a gaban tukwanen hagu ta daɗe tana juya su, ta zaɓi wadda liƙinta ya fi ƙanƙanta, ta ɗauraye ta sau uku, ta ɗora a wuta.