Farin Tsuntsun Malam Nouhou

Shekara ashirin da shida Malam Nouhou yana ɗaukar hoto a wani ɗan shago a unguwar Château Rouge, can Faransa, tsakanin mai atamfa da mahauci, kuma babu mahalukin da ya taɓa fita daga hannunsa da ƙurji a fuska. Dokarsa ke nan tun Damagaram, inda ya koyi aikin. Amarya ta zo da tabo, ta tafi sumul. Alhaji ya zo da furfura, ya koma saurayi. In ka ce a bar ka yadda Allah ya yi ka, sai ya dube ka ta saman tabarau ya ce, "To me ya kawo ka wurina? Madubi ya ƙare a gidanku?"

'Yarsa Ruwaida, wadda ta ci sunan mahaifiyarsa, shi ya sa yake ce mata Uwata, ita ma hoton ta ɗauko, amma na tsuntsaye. Jama'a cike da Faransa, ita sai ta bar gidanta a Lyon duk shekara ta bi teku zuwa wani tsibiri tana gadin gashin tsuntsu! Ya taɓa ce mata wannan ba sana'a ba ce. Tun ranar wayarsu ta koma gaisuwa kawai, abin kuwa yana cin shi a rai.

Sai ga kiranta wata safiya.

"Baba, zan yi baje kolin hotuna a nan Lyon. Goma sha biyu ne, duk tsuntsu ɗaya. So nake kai ka fitar mini da su a takarda. Sunanka zai zauna ƙarƙashin nawa a bango."

"To, zan duba ko ina da lokaci," in ji shi. Yana ajiye waya ya ruga ya gaya wa mahauci, har sau biyu. Ba abin da yake so a duniya kamar ya ga sunayen nan biyu a bango ɗaya.

Tsuntsun na teku ne, Faransawa na kiransa fou de Bassan, ya fi agwagwa girma, da zobe mai lamba a ƙafa. Da Malam Nouhou ya buɗe hotunan a ordinatar, wato kwamfuta, sai ya yi salati. A na farko tsuntsun baƙi ne da ɗigo-ɗigo kamar zabo. A na gaba fari ya fara cin ƙirjinsa. A na ƙarshe dabbare-dabbare, ba baƙi ba fari. Ga 'yan uwansa can baya farare tas, kawunansu da ɗan ruwan ƙwai. Kai, yarinyar nan ba ta da sa'a, duk tsibirin ta rasa wanda za ta bi sai mai dauɗa! Bai tambaye ta ba, don kada ta ji kunya. Ya ja kujera.

Kwana uku yana bin fuka-fukan, gashi bayan gashi. Shi da bai taɓa hawa teku ba, a hankali hayaniyar titi ta koma masa ƙugin ruwa. Yakan ji gishiri a leɓensa. Farin yana bin hannunsa daga wuya zuwa baya, tsuntsun yana kallonsa da shuɗin ido, shiru, kamar mai jiran wanzami ya gama. Ko a cikin jirgin ƙasan Lyon, da kwalin hotunan a cinyarsa, gyangyaɗi ya ɗauke shi ya ga gonaki sun cika da ruwa, fararen tsuntsaye suna faɗawa ciki ɗaya bayan ɗaya ba ƙara.

A ɗakin baje kolin, ana gobe buɗewa, Ruwaida ta durƙusa ta gaishe shi, ta buɗe kwalin. Ta ɗaga na farko, ta ɗaga na biyu. Ta zauna a ƙasa.

"Baba, ina baƙin?"

"Na share shi, Uwata. Kwana uku, wallahi."

"Baƙin nan shi ne aikin, Baba," ta faɗa a hankali. "Haka suke tashi, baƙaƙe. Kowace shekara su zubar da gashi, fari ya ƙaru, sai wajen shekara ta biyar su gama. Shekara huɗu na yi ina bin sa don mutane su ga hakan. Yanzu duk sun zama rana ɗaya."

Kunya ta rufe Malam Nouhou har kunnuwansa suka yi zafi. Yana ji ta kira wani kamfanin buga hoto na cikin gari, suka ce za su kawo na asalin da safe. Ya nemi benci ya zauna, ya san sunansa ya sauka daga bangon nan, kuma da hannunsa ya sauke shi.

Ya fara tattara kayansa cikin kwali. Da ya kai ga na ƙarshe, sai ta riƙe gefen takardar. Tsuntsun ne tsaye a kan dutse, fari fat, lambar zobensa a fili. Ta daɗe tana kallo.

"Bana ya kamata ya koma haka," in ji ta. "Cuta ta shiga tsibirin. Mako uku ina jiransa, bai dawo ba. Ban taɓa ganinsa fari ba, Baba."

Ta zare takardar daga hannunsa.

"Wannan shi ne na goma sha uku, kuma naka ne. Riƙe mini tsani."

Ya riƙe da hannu biyu. Tana can sama ta juya masa baya, kafaɗunta na rawa, tana neman ƙusa.

Ta rataya hoton. "Ya miƙe?"

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar.

"Ɗan ɗaga hagu, Uwata."