Inda Igiyoyin Suka Haɗu

"Riƙe hoton daidai, Tiyamike. Har yanzu hannunki rawa yake in kin ga alwatika?"

Malam Chapepa ke nan, maƙwabcina, yana kwance a tabarma ƙirjinsa na ƙugi, amma bakin nan bai mutu ba. Shi ya koya mini lissafi ina yarinya, kuma ban taɓa cin jarrabawarsa ba. Hoton ma na san shi, tsohon hoton ƙauyenmu ne da aka ɗauka daga jirgin sama, wanda yake liƙa mana a allo. Wannan ƙauyen yanzu babu shi. Ambaliyar kogin Shire ta binne shi da yashi, har da maƙabarta, muka dawo kan tudu.

Buri ɗaya ya rage masa: a binne shi kusa da matarsa Esnati.

Ya ɗora yatsa a kan hoton. "Ga kuka, ga famfon burtsatse, duk suna nan tsaye. Ga kabarinta. Alwatikan da ke takarda shi ne a ƙasa, girma kawai ya bambanta su."

"Malam, ni mai sayar da kifi ce."

"Kifin ma ai auna shi kike yi, sarkin ƙorafi."

Ya ba ni kwali biyu da ya yanka daidai da kusurwoyin alwatikan da ke hoton. In aza ɗaya a gindin kuka, ɗaya a famfo, kowanne gefensa na kallon ɗan'uwansa, in ja igiya ta bi ɗaya gefen. Inda igiyoyin suka haɗu, a nan Esnati take kwance.

Da safe muka sauka da ƙanen mijina Zuze, mai kwale-kwale. Yashi fari fat, ba ko ciyawa. Na ja tawa igiyar daga kuka, ya ja tasa daga famfo, muna ta matsowa kusa da juna, har ƙafata ta taɓa ruwa. Na kafa turke a nan, na ɗaura igiyar. Kogin ya sauya hanya tun ambaliyar, ta tsakiyar maƙabartar yake bi yanzu.

"Kin yi kuskure, yaya," in ji Zuze. "Ke da lissafi dama!"

Na so ƙwarai a ce haka ne. Muka sake, muka kuma sakewa. Daga ƙarshe ya shiga kwale-kwale da bakin igiyoyin, suka haɗu can inda ruwa ya fi zurfi.

"Ki ce wa Malam mun samu," in ji Zuze. "Wa zai gaya masa?"

Da niyyar haka na hau tudu. Amma da na durƙusa gabansa, zanina ya kalla, jiƙe har gwiwa.

"Nuna mini yadda kika aza kwalin."

Na nuna. Ya bi gefen kwalin da yatsa.

"Daidai ne," ya ce a hankali. "Yau kam kin ci, 'yata."

Ban taɓa baƙin cikin yabo irin na ranar ba. Na dama masa kunu, ya juya fuska bango. Bai ƙara neman hoton ba, kuma bai ga ƙarshen makon ba.

A sabuwar maƙabartar kan tudu aka sa shi, cikin mutanen da bai zaɓa ba. Na roƙi masu haƙa su juya kabarin ya fuskanci kogi, suka yi gunaguni, suka yi.

Jiya na sauka sayen kifi. Turken da na kafa a bakin ruwa yana nan, ashe mun manta igiya ɗaya a jikinsa. Ruwa na ta jan bakinta.