Tsiron da Aka Sa wa Sunan Noelene

Warrick Teale ya ha'inci mutane, kuma da saninsa ya yi. Ba kuskure ba ne, ba kuma matsi ne ya kai shi ba, ko da yake daga baya ya nemi fakewa da duka biyun. Ya ɗauki tsiro mai yaɗon da zai iya lulluɓe gida, ya yi masa feshin maganin da ke tsumbure shuka, ya sayar da shi a matsayin sabon iri da ba ya wuce ƙugun mutum. Mafi muni, ya rataya wa ƙaryar sunan matar da ta shekara talatin da huɗu tana yi wa gidansu aiki.

Gidajen da ake ginawa yanzu a gefen garin Toowoomba ba su da fili. In an gama gini, abin da ya rage bai fi shimfiɗar tabarma uku ba. Masu gidajen suna son lambu amma ba sa son aikin lambu. Sai su zo gidan renon tsirrai na iyalin Teale suna tambayar abin da zai yi fure duk shekara, ya tsaya inda aka ajiye shi, kada ya nemi aski. Warrick, wanda ya gaji wurin daga mahaifinsa Col, ya gaji da cewa babu.

Noelene Hargreave ce ke kula da dashe a wurin tun zamanin Col. Tana da doka guda wadda kowa a garin ya sani: ba a sayar da sabon iri sai ya yi lokacin zafi biyu a cikin ƙasa, ba a tukunya ba, ba tare da an fesa masa komai ba. Saboda wannan dokar ne in ta ce tsiro ba ya girma, mutane ke dasa shi a jikin bango su juya baya. Ba ta da wata dukiya da ta wuce wannan.

A watan Oktoba aka yi mata aiki a gwiwa, ta tafi jinya wajen 'yarta can nesa a birnin Hobart. Ranar da za ta tafi Warrick ya kawo mata wata 'yar tukunya mai fure ja-ja, ya ce sabon iri ne ya samo, yana so ya sa masa suna Ƙaramar Noelene don girmama ta. Ta ji daɗi, gaskiyar magana. Ta ce amma sai an gwada. Ya ce ai dole. Ya miƙo mata takarda, ta sa hannu a kan murfin mota ba ta karanta ba. Tsiron kuwa ta dasa shi bayan tankin ruwan gidanta, kamar yadda take yi wa duk sabon abu.

Wata biyar ta yi. Da ta dawo wata ranar Laraba a watan Maris, ba ta ga tankin ba. Wani tulin ganye ta gani a inda yake. Yaɗon ya hau tankin, ya tsallaka rufin ɗakin wanki, ya cusa kansa cikin indararo har ya ɓalle shi daga bango, sannan ya kama bishiyar turaren maƙwabta. Furen dai shi ne, ja-ja, ga shi nan birjik. Ta daɗe a tsaye riƙe da sandarta, jakarta na ƙasa.

Washegari da safe ta tafi wurin aiki. Tun daga ƙofa ta ga fuskarta: hotonta a kan allo, tana murmushi, an rubuta a ƙasa cewa ba ya wuce ƙugu, Noelene ta gwada. A cikin rumfar leda tukwane ne jere har ƙarshen gani, kowace da katinta mai wannan hoton. Ta ɗaga ɗaya. Ganyen ya yi kauri, ya yi duhu, gaɓoɓin reshen sun cure wuri guda kamar an matse su. Ta san wannan kamar. A bayan rumfar ta tarar da jarkokin maganin, shida babu komai a ciki, ta bakwai an sha rabinta.

Warrick ya same ta a nan. Ya buɗe hannu zai rungume ta, yana cewa ga sarauniya ta dawo da sabuwar gwiwa, yanzu sai gasar gudu. Ba ta motsa ba. Ta tambaye shi guda nawa ya sayar. Ya ce wajen dubu, kuma yau da ƙarfe goma mota za ta kwashi ɗari shida zuwa unguwar 'yan fansho da ke bakin rafi, za a dasa su a jikin kowane gida.

"Tsofaffi," in ji ta. "Waɗanda ba sa iya hawa tsani."

Ya ce kowa a sana'ar yana fesa wannan magani, kuma ba haramun ba ne. Ta ce ana fesawa don tsiro ya yi kyau a kanta, ba don a canza masa suna a ce wani iri ne ba. Ta gaya masa abin da ke bayan gidanta. Fuskarsa ta canza kaɗan, sannan ya yi dariya.

"Noels, ki saurara. Kafin ya yi tsawo an yi wata huɗu. In ya yi, sai a ce ƙasarsu ce ta yi taki da yawa. Wa zai sani?"

"Ni."

"To ke ɗin ce a kan katin, ba ni ba." Ya sassauta murya. "Takardar da kika sa wa hannu tana ofis. Cewa take yi kin gwada shi lokacin zafi biyu. In kin buɗe baki, ni dai mai gida ne da ya yarda da ma'aikaciyarsa. Ki je gida ki sare abin nan, ki sha shayi, ki huta."

Ta kalle shi. Ita ta koya masa yadda ake riƙe almakashin reshe yana ɗan shekara tara. Ta so ta faɗi haka, sai ta ga ba amfani. Abin da ya faɗa gaskiya ne: in maganar ta fito, sunanta ne zai fara faɗuwa. In ba ta fito ba, zai faɗi duk da haka, sai dai a hankali, gida-gida, a bakin mutanen da suka yarda da ita.

Goma saura kwata a-kori-kurar unguwar ta shigo. Mai kula da lambunan wurin ce ke tuƙi, Mele Lolohea, mace ƙaƙƙarfa mai yawan dariya wadda ta yi shekaru tana sayen tsirrai a hannun Noelene. Ta sauko tana cewa ashe tauraruwar allo da kanta ce za ta yi musu lodi, ko sai an biya kuɗin hoto? Ta ce tsofaffinta sun ƙosa, har faɗa suke yi kan wanda za a fara dasa wa. Wata ma ta ce in dai Noelene ce, a dasa mata biyu ƙarƙashin tagar ɗakin kwana.

Ma'aikata sun fara turo tukwanen. Noelene ta matso kusa da Mele.

"Mele, kafin a yi lodi, zo mu je gidana. Minti goma ne."

Warrick ya shiga tsakani da fara'a. Ya ce wa Mele ta yi haƙuri, Noels na kan magungunan kashe zafi, jiya ta iso, kanta bai gama sauka daga jirgi ba. Mele ta dubi wannan, ta dubi wancan. Dariyar ta bar fuskarta.

"Inna Noelene, shayi za ki ba ni ko wani abu za ki nuna min?"

"Wani abu."

"To hau."

Suka kama hanya. A madubi Noelene na ganin motar Warrick a bayansu, kusa ƙwarai.

Da suka zagaya bayan gidan Mele ta ɗaga kai, ta bi yaɗon da ido har kan bishiya, ta ce Allah ya kiyaye. Warrick ya iso yana haki. Ya ce wannan ai wani tsiro ne dabam, danginsa ne na jeji, tsuntsaye ne suka kawo irin, furen ne kawai ya yi kama. Ya ce nasa ƙila ya mutu a ƙarƙashi don ba a ba shi ruwa ba. Ya faɗi haka tiryan-tiryan, har Noelene ta ga Mele ta fara shakka. Fure kan yi kama da fure, kowa ya san haka.

Noelene ta jingine sandarta. Likita ya hana ta durƙuso, amma ta durƙusa, zafin ya harba mata har ƙugu. Ta cusa hannu cikin ganyen, ta kama reshe mafi kauri, ta bi shi ƙasa tana janye sauran. Gindi ɗaya ne tal, kaurinsa ya kai damtsen hannu. A jikinsa akwai ɗan katin ƙarfe irin wanda suke ɗaura wa sabon dashe da waya. Tsiron ya yi ƙiba har ya haɗiye wayar, ɓawon ya rufe ta ruf, katin kaɗai ke leƙe kamar daga cikin itacen ya tsiro. Ba abu ne da za a ɗaura jiya ba.

Mele ta sunkuya ta goge ƙasar da yatsa, ta karanta a fili: "Ƙaramar Noelene, ta farko. Daga Warrick."

Sai Warrick ya zaro almakashi daga ɗamararsa, ya ce bari ya cire katin su duba da kyau. Mele ta miƙe ta tsaya tsakaninsa da gindin. Ta fi shi faɗi.

"Mai da shi aljihu, abokina," in ji ta. "Ka taɓa shi, ni da kai ne."

Ya mayar da almakashin. Ya ce yana da takarda mai sa hannun Noelene. Mele ta ɗauki hoton gindin ta kowane gefe, ta ɗaga Noelene, ta tambaye ta ko gaskiya ne ta sa hannu. Noelene ta ce gaskiya ne. Ta ce ba ta karanta ba, an yabe ta ne kanta ya kumbura, wannan laifinta ne kuma ba za ta ɗora wa kowa ba. Mele ta ce za ta faɗi duk abin da ta gani, har da wannan.

Ranar Asabar Noelene ta je taron masu lambu na garin, ta tsaya gaban mutum sama da ɗari, ta ce duk wanda ya sayi tsiron da ke da hotonta ya tone shi yau, har saiwa, kada ya zuba shi kusa da rafi. Wani tsoho ya ce shi don ita ya saya. Ta ce ta sani. Akwai waɗanda suka daina gaishe ta na wani lokaci, ba ta kuma ga laifinsu ba. Amma da hukuma ta bincika, kwanan watan takardar ya nuna tsiron bai kai wata biyu a gidan renon ba ranar da aka ce ya yi lokacin zafi biyu, ma'aikata kuma suka faɗi wanda ya ba da umarnin feshi. A hankali mutane suka koma ƙwanƙwasa mata ƙofa da ganye a hannu suna tambaya.

Kotu ta sami Warrick Teale da laifin yaudarar masu saye. Ta ci shi tara, ta kuma umarce shi ya tone kowane tsiro da ya sayar. Ƙungiyar masu renon tsirrai ta kore shi. Kafin shekara ta zagayo an rufe gidan renon.