Taki Tara Gabas da Aduwa

An tone kaburbura huɗu an mayar da mamatan kan tudu, amma na biyar ba a same shi ba. Na Zainabu ne, mahaifiyar wani manomi mai suna Alkasum, wadda ta rasu shekara shida da suka wuce. Abin ya faru a wani ƙauye kusa da Hamdara, a tsakiyar daminar 1958, bayan kwazazzabo ya soma cin gefen maƙabarta.

Kwazazzabon bai cika shekara uku ba. Daga gonar Alkasum ya taso, can kan gangare, inda ya tumɓuke gambar iyaka don ya ƙara kunya biyu ta gyaɗa, a shekarar da fataken Kano suka yi ta saye. Ruwa ya samu hanya. Bara zurfin wurin iya gwiwa ne. Bana mutum na tsaye a ciki ba a ganin hularsa.

A garin ba a rubuta suna a kabari. Mala, tsohon da ke haƙa, shi yake riƙe da wurin kowa a kansa, yana ƙidaya taki daga wata aduwa da ke bakin maƙabarta. Ruwan Asabar ya tafi da aduwar har saiwarta.

Ran Lahadi liman ya yarda a ɗauke waɗanda ke kusa da gaɓa. Huɗun ba su ba da wuya ba, tudunsu bai kwanta ba tukuna. Na Zainabu ya daɗe da bajewa.

"Taki tara gabas da aduwa," in ji Mala.

"Baba Mala, aduwar ina take tsaye?" in ji Alkasum.

Mala ya miƙa sanda ya nuna tsakiyar kwazazzabon, inda babu ƙasa. "Nan. Ko can kaɗan. Shiga ka tsaya a iska in ƙidaya maka."

"Baba, ba wasa nake ba."

"Ni ma. Da ka bar gamba a wurinta, da yanzu muna inuwa."

Alkasum ya ɗauki fartanya. Ya haƙa inda suka yi kirdado, ya tarar da jar ƙasa wadda ba a taɓa motsawa ba. Ya matsa kamu uku ya sake haƙawa, sai ga gefen likkafani. Mala ya duƙa, ya duba tsawon ramin, ya ce na yaro ne. Suka rufe, suka yi addu'a.

Nan liman ya tsayar da aikin. Ya ce ba za a yi ta buɗe bayin Allah ana neman mutum ɗaya ba. Alkasum ya roƙi a bar shi ya gwada rami ɗaya tak. Liman ya ce sai ya aika Mirriya ya tambayi malaminsa.

Ɗan aiken ya tafi ran Litinin. Ran Talata da hantsi aka ga wata sabuwar tsaga, mai faɗin tafin hannu, ta bi bayan ramukan biyu daga kudu zuwa arewa. Da la'asar hadari ya haɗu a gabas, kuma ɗan aiken bai dawo ba.