Kowa Ya Ji, Kowa Ya Zo

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma har yanzu ban gama tattare shi ba.

Na gan ni tsaye a ƙofar gidana da tsakar rana. Lungunmu ne, da kwatarsa da komai, sai dai garin ba namu ba ne. A wannan gari inuwa ce ke fara fita aiki, mai ita ya biyo baya idan ya gama karyawa. Ban yi mamaki ba. Shekara talatin na yi ina aikin masinja, ina kai fayil daga wannan ofis zuwa wancan, na ga abin da ya fi haka.

Sai ga wuta ta zo. Ta yi sallama, ta tuɓe takalmi, ta zauna a zaure. Na yi mata sannu da zuwa, don ban san me kuma ake cewa ba. Ta fara da tabarma, ta cinye a tsanake, ta koma kan kekena. A gidan namu kuwa, daga zaure sai rumfa, daga rumfa sai ɗakin matata Ladidi, kuma Ladidi tana ciki.

Na zaga ta baya na buga bango. "Ladidi, fito, wuta ta shigo."

"Ta ina zan fito, Malam? Maƙwabta sun ari ƙofar, gobe za su yi bikin suna. Har tagar na haɗa musu."

Na shafa bangon, sumul, ko tsaga babu. Ladidi ke nan. Tun da na aure ta ban taɓa jin ta hana kowa aron komai ba.

Ta ce, "Je ka kira masu kashewa. Amma kada ka yi gudu, ka san halin gwiwarka."

Sai na gan ni cikin wani ofis mai sanyi. Jikin bango akwai wani ƙaton gilashi, garin duka yana ciki, kowane gida ɗigo ɗaya. Gaban gilashin wani ƙadangare ne zaune da farar riga, biro uku a aljihu, wayar oba-oba irin ta 'yan sanda a hannu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, gidana ke ci."

Ya gyaɗa kai. "Mun sani, Malam. Ga ka nan." Ya nuna wani jan ɗigo da jela. "Ka yi sa'a da ka zo a wannan zamani. Da can kowa da wayarsa. 'Yan kwana-kwana su zo toka ta huce, 'yan sanda su zo su kama tokar, motar asibiti kuma tana wata unguwa tana tambayar hanya. Yanzu duk an haɗa su a wannan na'ura. Kunne Ɗaya sunanta. Abin da ɗaya ya ji, kowa ya ji."

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na taɓa kai takarda ɗaya tsakanin ofisoshi biyu na tsawon wata tara, kuma bango ɗaya ne ya raba su.

Ƙadangare ya danna maɓalli. Muryoyi uku suka fito lokaci guda: raƙumi, shugaban 'yan kwana-kwana, da zabo, shugaban 'yan sanda, da wata tunkiya mai kula da motar asibiti. Da yake yanzu kowa yana jin kowa, ba wanda zai yi magana bai gaisa ba. Raƙumi ya gaida zabo, barka da rana, ina gajiya, ya aiki, ya iyali. Zabo ya amsa, ya mayar. Suka juya kan tunkiya. Ashe mahaifiyarta ba ta jin daɗi, sai aka shiga ya mai jiki, Allah ya ƙara sauƙi, tana iya cin abinci kuwa? Raƙumi ya ba da shawarar a gwada tazargade.

A gilashin ina kallo, wuta ta gama da zaure, ta share baki, ta nufi rumfa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ta shiga rumfa."

Ƙadangare ya gyaɗa kai. "Duk suna gani. Amfanin abin ke nan."

Sai na gan ni a bakin lungunmu. Motoci uku suka tsaya a gabana a daƙiƙa ɗaya, ja da baƙa da fara, ko taku ɗaya wata ba ta riga wata ba. Mutanen unguwa suka ce ba su taɓa ganin irin wannan ba, ni ma haka. Matsalar ɗaya ce. Lungunmu ba ya ɗaukar mota biyu, kurar 'yan ga-ruwa mai jarkoki ma sai ta karkace.

Raƙumi ya leƙo da wuya ta taga ya dubi zabo. "Yallaɓai, bismillah. Doka ce gaba."

Zabo ya ce, "Haba Alhaji, wuta fa taka ce. Ni a wa? Sai dai ko Hajiya, tunda akwai rai a ciki."

Tunkiya ta sunkuyar da kai. "Ni in shige gaban manya? Allah ya kiyaye. Ba haka aka rene ni ba."

Wani dattijo a gefena ya yi mini bayani a hankali. Ranar da aka kafa na'urar an zaunar da su uku, aka yi musu faɗa sosai kan rige-rige da nuna isa, har raƙumi ya yi hawaye. Nan suka yi alkawari ba wanda zai ƙara shiga gaban ɗan'uwansa. Dattijon ya ce tun daga ranar ba a sake jin kansu ba.

Na ga abin ba na ƙare ba ne, na fizgi bokiti daga jar motar, na ruga. Gwiwar ba ta ce komai ba. Na isa bakin rumfa na kifa bokitin a kan wuta. Ruwan ya tsaya cak a ciki, ko ɗigo bai faɗo ba. Na jijjiga, na buga gindin bokitin.

Raƙumi ya ɗaga murya daga bakin lungu. "Malam, kada ka wahalar da kanka. Ruwan ma an haɗa shi. Ba ya zuba sai mu uku mun danna tare."

"To ku danna mana!"

"Za mu danna. Yallaɓai, bismillah, fara."

Na dawo da bokitin na ajiye inda na ɗauka. Sai muryar Ladidi ta fito daga oba-oba uku, tangaram, kamar tana tsaye a tsakaninmu. Na'urar har cikin ɗaka take ji.

"Malam, sun zo?"

"Sun zo."

"Dukansu?"

"Dukansu, Ladidi."

"To madalla. Ka samo musu wurin zama, rana ta yi zafi. Akwai kunun zaƙi a randa, in wutar ba ta kai can ba."

Su uku suka yi godiya, suka ce lallai wannan mata ta san mutane. Zabo ya ce irinsu sun yi ƙaranci.

Can ta sake magana, muryar ta yi ƙasa. "Malam, bangon ya fara zafi. Na koma tsakiyar ɗaki."

Nan tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba ido biyu. Na durƙusa a ƙasa gaban motocin, ni da furfurata. Na ce ko wane ne ya shiga, na roƙe ku, wallahi ba zan gaya wa kowa wanda ya riga ba. Suka dubi juna cikin tausayi. Tunkiya har ta share ido.

Raƙumi ne ya samo mafita. Ya ce tunda ba mai shiga gaba, a shiga tare. Aka ƙirga ɗaya, biyu, uku. Motocin suka taso kafaɗa da kafaɗa, suka cusa hanci cikin lungun, suka maƙale. Ba gaba, ba baya, ko kyanwa ba ta samun wurin wucewa. Ni kuma ina waje.

Sai muryar ƙadangare ta fito. Ya ce na'ura ta nuna duk hukumomi uku sun shiga lungu lokaci ɗaya, saboda haka jan ɗigo ya koma kore, an rufe wannan kira. Ya ce ba a taɓa samun haɗin kai irin na yau ba. Unguwa ta ɗauki tafi. Zabo ya miƙo fiffike ta taga yana gaisawa da jama'a.

Na karɓi oba-oban raƙumi na kai baki. "Ladidi."

Na ƙara ɗaga murya.

"Ladidi, kina ji na?"

Na manna shi a kunne har ya yi mini ciwo. Babu komai a ciki, ko numfashi.

Raƙumi ya sunkuyo da kansa kusa da nawa, shi ma ya saurara, ya yi murmushi. "Ka ji yadda layin ya yi tsaf, Malam? Da can duk ƙara ce ke cika shi."

Ƙarar cokali a gindin tukunya ce ta tashe ni. Gari ya waye, Ladidi tana tsakar gida tana kankare ƙanzon tuwon jiya, ƙarar da na yi shekaru ina mita a kanta, ina cewa ta riƙa jiƙa tukunyar tukuna. Na kwanta ina saurare har ta gama. Da ta ajiye cokalin na ɗaga murya na tambaye ta ko babu wata tukunyar.